Kwalbar Mai Rumfa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A kasuwar Batsari a tare ni, a wurin suna a tare ni, har wani abokina na Safana ya yi takakkiya wai ya zo gaishe ni, alhali shekara uku bai tuna ƙofar gidanmu ba. Kowa da irin tasa tambayar: yaya ƙasar Faranshi, yaya hanya, me suke ci. Ni kuwa na san ba hanyar ce ta dame su ba, labarin kwalbar suke son ji. To, zan faɗa daga farko har ƙarshe, sau ɗaya. Wanda ya ƙara tambayata bayan wannan, na san da wata manufa ya zo.

Sunana Iro, ɗan Malam Ƙasimu na Yasore. Mahaifina ya tsufa yana karantarwa a zaurenmu, har idonsa ya tafi, ya ci gaba da karantarwa da ka. A bazarar da nake ba ku labari ciwo ya kwantar da shi, ba ya iya cin komai sai fura mai ruwa-ruwa. Wata rana da hantsi ina yi masa fifita, sai ya ce, "Iro, shekara nawa ina fassara wa mutane inabi? In mun zo kan ayar, in ce wani ɗan itace ne mai daɗi, irinsa na Aljanna. Wani ɗalibina, Ɗanjuma na Darini, ya taɓa tambayata, wai Malam kamar kanya yake ko kamar ɗinya? Na daka masa tsawa a gaban jama'a, don ban sani ba. Bai ƙara tambayata komai ba har ya bar karatu. Tsawar nan har yau tana damuna. Ina son in ɗanɗana abin nan kafin in tafi."

Ja'e na zaune a bakin ƙofa lokacin. Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Safana, sa'ana ne, shi ke kawo wa Malam nono. Ya gyara zama ya ce ai shi ya ga inabi da idonsa. Wai akwai wani tsohon Bature Bafaranshe a Maraɗi, mai sayen fatu, ya yi rumfa a gidansa wani tsiro ya hau ta, kuma kukunsa ya rantse masa inabi ne. Mutanen garin ma Mai Rumfa suke kiran Baturen.

Ban yarda ba. Ni dama haka Allah ya yi ni, in mutum ya yi mini murmushi sai na duba aljihuna. Na ce a raina Ja'e jaki yake nema da zai kai masa kaya arewa, ya ga namu. Amma Malam ya riga ya juyo da fuskarsa wajena, yana jira. Wa zai ce a'a?

Muka tashi ranar Asabar bayan asuba. Zargina na farko bai faɗi ƙasa ba, don kuwa Ja'e ya iso da goruna huɗu na man shanu, ya ɗora wa jakinmu ba ko kunya. Na ce, "Ashe dai." Ya ce, "Modibbo, jakin ai Maraɗin za shi ko da mai ko babu." Modibbo, wato malam da fillanci, yake kirana in yana son ya tsokane ni. Kafin azahar rana ta narkar da man, toshiyar gora ɗaya ta saki, ya tsiyaye a kan buzun sallata da gefen gafakata. Tun daga nan har muka dawo, duk inda na shimfiɗa buzun nan sai tururuwa sun riga ni sahu.

Muka bi ta Batsari muka miƙa arewa. Kwana biyu muka yi kafin Jibiya, muna sauka gidajen Fulanin da Ja'e ya sani. In sun juya harshe suna fillanci suna dariya, sai in tabbata da ni suke. Daga baya na tambaye shi, ya ce e, da ni suke, wai ba su taɓa ganin mutumin da ke kwana da igiyar jaki ɗaure a ƙafarsa ba.

Rana ta uku muka isa kan iyaka. Ni da nake jin ana cewa iyakar Ingilishi da Faranshi, na zaci ganuwa zan gani, ko wani babban rami. Ashe bukka ce da tuta, da wani soja baƙi mai jar hula yana zaune a kan turmi. Gero iri ɗaya ake nomawa a gaba da baya, Hausa ɗaya ake yi, sai dai an ce daga wannan bishiya zuwa can wani Bature ne daban ke da mu. Sojan ya dubi gafakata, ya dube ni, ya ce, "Kai malami na?" Mun sha jin yadda Faranshi ke kama matafiya su sa su aikin hanya, kuma an ce malamai ba sa burge su. Na ce, "A'a, ɗan kasuwa ne ni." Ja'e ya ce, "Malami ne, ɗan malami." Da ina da sanda a hannu da na sauke masa.

Sojan ya ja ni bayan bukka. Na riga na fara salati, na ce shi ke nan, Malam zai mutu ina fasa dutse a ƙasar Faranshi. Sai mutumin nan ya cire hula ya durƙusa, ya ce matarsa wata uku ke nan tana fama da ciwon ciki, in taimake shi da addu'a. Na yi masa. Ya ba mu ruwa mai sanyi daga randarsa, ya raka mu har bakin hanya. Duk da haka sai da muka yi nisa na daina waiwaye.

A Madarumfa muka kwana, a bakin tafki, inda na ga kifi an shanya shi a kan rufin ɗaki kamar yadda muke shanya kuɓewa. Washegari da la'asar muka shiga Maraɗi.

Ku da kuka tashi a ƙasar Ruma kun san abin da kakanninmu ke faɗa game da Maraɗawa, yadda dā suke zuwa hari su kwashe mutane da shanu. Kakata in ta ji an ambaci garin sai ta tofa. To ga ni a cikinsa, kuma masaukin da Ja'e ya kai ni gidan wata dattijuwa ce, Gwamma, mai zobe a kowane yatsa, wadda na tabbata 'yar bori ce tun kafin ta buɗe baki. Ta gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gajiya da mutanen Katsina, sa'an nan ta kawo tuwon gero da miyar kuka da nama zuƙu-zuƙu. Ja'e ya naɗe hannun riga. Ni na ce ba na jin yunwa, don ban san wanda ya yanka dabbar ba, ban san da sunan wa aka yanka ta ba. Na koma gefe ina gurgurar ƙuli-ƙulin da na taho da shi, wanda shi ma man Ja'e ya jiƙa.

Gwamma ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Ɗan malam, mi ka hana ka ci? Naman kake tsoro? Limamin unguwag ga ƙanena na, shi ya yanka da hannunai. Ku mutanen kudu kun ɗauka mu nan ba mu san gabas ba." Kunya ta kama ni, amma na riga na ce ba na jin yunwa, sai na kwana a kan maganata. Ja'e ya cinye rabona, yana yi yana santi da ƙarfi don in ji.

Da safe muka nufi gidan Mai Rumfa. Yana can gefen gari, warin fatu shi ya fara yi mana maraba. Kukunsa, wani dogon mutum mai suna Tanko, ya shigar da mu tsakar gida, ya nuna da leɓe ya ce, "Ga shi nan."

Na ɗaga kai. Rumfa ce ta itace, wani tsiro mai murɗaɗɗen jiki ya bi ta ya rufe, ganyensa faffaɗa mai yatsu. Na zagaya ta sau biyu, na leƙa ƙarƙashin kowane ganye. Ko ɗa ɗaya babu. Na ce, "Ina 'ya'yan?" Tanko ya ce, "Ai ba ta taɓa yi ba. Shekara goma sha ɗaya muna ba ta ruwa safe da yamma, ganye kawai." Na juya na dubi Ja'e. Ya ce, "Modibbo, ni itacen na ce na gani." Na zauna a ƙasa, na tuna fuskar Malam da ya juyo yana jira, sai hawaye suka zo mini ban shirya ba.

A haka Baturen ya fito ya same ni. Ba irin Turawan da ke zuwa mana rangadi ba ne, masu farar hula da takalmi mai sheƙi. Gajeren tsoho ne, wuyansa ya ƙone, kuma da ya miƙo hannu sai na ga hannun manomi ne, mai kanta da tsagaggun farata. Wannan ya ɗaure mini kai, don ban taɓa zaton Bature na riƙe fartanya ba. Hausarsa guntu-guntu ce, Tanko ke cike masa. Ya tambayi abin da ya sa nake kuka a gidansa. Na so in ɓoye, don ban ga dalilin gaya wa Nasara sirrin gidanmu ba, amma Ja'e ya riga ya zazzage komai.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya jawo kujera ya zauna a ƙarƙashin rumfar, ya shiga ba mu labari. Ya ce a ƙasarsu suna da 'yar gona a jikin tudu, ƙasa mai tsakuwa, da ya kwatanta girmanta sai na ga ba ta kai gonar gyaɗar surukina ta Karare ba. Kakansa ne ya dasa inabin da ke cikinta, kuma har yau su ne dai, ba a taɓa tuge su ba. Na ce wannan ƙarya ce ko wauta, wa ke barin tsohon shuka a gona? Ya yi dariya ya ce tsohon itace 'ya'yansa kaɗan ne, amma duk daɗin yana cikinsu. Maƙwabtansu sun sare nasu sun dasa sababbi masu yawan haihuwa, ubansa ya ƙi. Ja'e ya gyaɗa kai ya ce haka tsohuwar saniya take, nononta bai cika ƙwarya ba amma ya fi kauri. Nan suka fahimci juna, Bafulatani da Bafaranshe, aka bar ni ina muzurai.

Ya ce gonar ba ta iya ciyar da gida biyu, shi ya sa ya bar wa wansa ita ya fito neman abinci. Wannan na rumfar reshe ne ya yanko daga can. Bara wan ya mutu, ya ce, kuma bai san ko 'ya'yan za su riƙe gonar ko za su sayar ba. Ya shafa jikin itacen kamar mai shafa wuyan doki.

Daga nan ya tashi ya shiga wani ɗaki, muka bi shi da ido. A tsakiyar ɗakin akwai rami da aka rufe da katako, cikinsa yashi mai danshi. Ya tona ya zaro wata baƙar kwalba da ke kwance, bakinta an toshe an liƙe da jan kaki. Ya fito da ita, ya goge ta da rigarsa, ya ɗaga ta a rana, sai na ga abin da ke ciki ja ne wur, har ya yi duhu. Ya riƙo ta da hannu biyu ya miƙo mini. Ya ce, "Na ƙarshe. Hannun wa nawa. Kai wa Baba naka."

Na dubi Tanko na ce, "Mene ne a ciki?" Ya ce, "Ruwan inabi ne, na gonar tasu." Na ce, "Yana bugarwa?" Ya dubi rumfa ya ce, "Ni dai ban taɓa sha ba." Na ce, "Tun yaushe yake cikin kwalbar?" Ya tambayi maigidansa, aka ce shekara bakwai, kuma wai tsufan ne darajarsa. Mu da furar da ta kwana biyu sai a ba awaki! Duk wanda ya yi karatu ya san abin da ruwan 'ya'yan itace ke zama in ya shekara bakwai a rufe. Na mayar da hannuwana baya.

Ja'e ya matso ya raɗa mini, "Ba kai aka ba ba. Saƙon Malam ne. Kai ɗan aike ne, ɗan aike ba ya mayar da kyautar da aka yi wa babba." Gaskiyarsa ne, haka aka tarbiyyantar da mu. Ga tsoho tsaye, idonsa ya yi ja. Na sa bakin rigata na karɓa, ban bar fatata ta taɓa ba. Ya kuma tsinko ganye uku daga rumfar ya ba ni, na sa su a tsakiyar takardun gafakata. Ina fita ina tunanin ko makirci ne, a ce gobe ga ɗan Malam Ƙasimu an kama shi da kayan Nasara.

Ranar na ci tuwon Gwamma, har na nemi ƙari. Ta dai ƙaro nama.

Komowa ta fi zuwa wuya. Na naɗe kwalbar a tsumma, na ɗaure ta a ɓarin hagu na jaki, gafaka da buzu da buta a ɓarin dama, na hana su haɗuwa kamar masu gaba. A kan iyaka sojan nan ya tare mu da murna, ya ce matarsa ta samu sauƙi. Aikinsa ne ya duba kaya, ya kwance tsumman, sai ya yi turus. Ya ce, "Malam! Giya ta, ja, irin ta manyan Turawa. Wagga ko kumandan sai ran salla tasu." Abin da nake gudun ji ke nan, na kuwa ji shi da rana tsaka. Ya ce in tana damuna in bar masa, ya san wanda zai so ta.

Na tsaya na rasa abin yi. In na bar masa, wani zai sha, da hannuna a ciki. In na zubar, na ci amanar saƙo, kuma na koma wa Malam da ganye uku. In na ɗauka, na san abin da aka faɗa game da mai ɗaukar giya da wanda aka ɗaukar wa. Na tambayi Ja'e, ya ce shi shanu ya sani. Daga ƙarshe na ce Malam, da aka yi wa saƙon, shi zai yanke hukunci, na mayar da tsumman na ɗaure. Kwana uku na yi ina tafiya ina istigfari, duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai in ga kamar ɓarin hagu na jakin yake kallo.

Na sami Malam da rai, amma ya ƙara zubewa. Zaure ya cika da masu sannu da zuwa, har da Baffa Sule, ƙanen Malam, wanda ba ya ganin abu ya kau da kai. Na so a watse tukuna, Malam ya ce, "Faɗi a gabansu. Me ka kawo?" Na sa masa ganyen a hannu. Sun bushe, amma ya bi gefensu da yatsa a hankali, yana ƙirga tsagin, yana murmushi. Sa'an nan na faɗi sauran, ban rage komai ba.

Zaure ya ɗauki salati. Baffa Sule ya miƙe ya ce a fitar da ita a fasa a bayan gari, a wanke jakin, ni kuma in sake wanka. Ya ce gidan da aka san shi da allo yau an shigo masa da giya. Malam ya bari ya gama, sa'an nan ya ce, "Iro, mutumin da ya ba ka, ya san haramun ce gare mu?" Na ce ban ga alama ba. Ya ce, "Yana da wata?" Na ce ita ce ta ƙarshe, ta hannun wansa da ya mutu. Sai Malam ya ce da muryarsa ta karatu, "Sule, giya in ta juya ta zama khallu, mene ne hukuncinta?"

Khallu shi ne ruwan tsami a harshen littattafai. Baffa ya sassauta murya. Ya ce, "Ta tsarkaka. Amma Yaya..." Malam ya ce, "Ta tsarkaka, ta halatta. Ni na karantar da kai babin, na karantar da Iro, tsoro ya sa duk kun manta. A fasa kakin, a juye ta a sabon kasko, a rufe da ƙyalle, a ajiye a bayan rumbu inda iska ke shiga. Ba mai taɓawa. Zan jira ta."

Haka aka yi. Abin da Mai Rumfa ya ɓoye wa iska shekara bakwai, mu muka shimfiɗa mata shi. Na san da ya gani da ya dafe kai.

Jiran nan ne ya fi komai tsanani. Magana ta zagaya Yasore ta kai Batsari, wai gidan Malam ana dafa giya. Mutum biyu suka janye 'ya'yansu daga karatu. Wasu da ba su taɓa zuwa duba Malam ba suka fara zuwa, suna gaisuwa hancinsu na aiki. Ni kuwa kullum sai na je bayan rumbu na sunsuna, warin nan mai hawa kai yana nan. Malam kuma kullum raguwa yake.

Ranar kwana ashirin da uku numfashinsa ya canza, har aka fara kiran 'yan'uwa. Na je na sunsuna, ba ta juya ba. Abin da na yi, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Na jiƙa zoɓo, na matse tsamiya a ciki, na tace, na zuba a ludayi. Na ce makaho ne, bai taɓa ɗanɗana inabi ba, ina zai sani? Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ta juya." Ya buɗe baki na ɗiga masa. Ya juya harshe, ya haɗiye. Ya ce, "Zoɓo ne da tsamiya, Iro. Idona ne ya tafi, ba harshena ba." Na kasa ɗaga kai. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ja'e ya ba ni labarin tafiyarku. Ka je ka dawo kana tsoron wani zai cuce ka, ba wanda ya cuce ka. Kada kai ka fara da ni. Na ce zan jira."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa son mahaifina kamar ranar ba. Ya kuwa jira. Yadda ya yi, Allah kaɗai ya sani, don ludayi biyu na fura ke riƙe da shi a yini.

Bayan kwana arba'in da 'yan kai, wata safiya na ɗaga ƙyallen na ga wata yana, kamar ta saman kunu, ta kwanta a saman ruwan, ƙananan ƙudaje na shawagi. Warin ya doki hancina har na yi atishawa. Ban yarda da hancina ba, na aika aka kira Ja'e, wanda ke gane nonon jiya da na shekaranjiya daga bakin ƙofa. Ya sunsuna ya ce babu sauran komai sai tsami. Malam ya ce bai isa ba, a kira Sule. Baffa ya zo fuska a murtuke, ya sunkuya, ya daɗe, ya ɗago idonsa na ruwa. Ya ce, "Ta juya, Yaya."

Na ɗauko ludayi, Malam ya ce, "Tukuna. A je Darini a kira mini Ɗanjuma."

Ɗanjuma ya iso bayan azahar, dattijo da furfura a gemu, ƙafarsa duk ƙasar gona, yana ta rarraba ido don bai san laifin da ya yi ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Aka tayar da Malam na tallafe shi a ƙirjina. Ya yi bisimilla, na ɗiga masa a harshe. Fuskarsa ta tattare gaba ɗaya, ya runtse makafin idanunsa, sai kuma ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a ba Ɗanjuma. Shi ma ya ɗanɗana ya yamutsa fuska.

Malam ya sa aka miƙa masa ganye ɗaya. Ya ce, "Ɗanjuma, ka taɓa tambayata inabi, ko kamar kanya yake ko kamar ɗinya. Ka tuna?" Ɗanjuma ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan ya wuce tun tuni." Malam ya ce, "Gare ni bai wuce ba. Ga ganyensa a hannunka. Ga ruwansa bayan ya tsufa ya juya, ka ji shi. Ɗan itacen kansa kuwa, ban sani ba. Abin da ya kamata in ce maka ke nan tun ranar, ban sani ba. Ka yafe mini."

Ɗanjuma ya kifa kansa a kan tabarma yana kuka kamar yaro. Malam ya jingina da ni, ya ce a hankali, yadda ni kaɗai na ji, "Na duniya dai da tsami. Sauran sai na je na gani."

Ya rasu ranar Alhamis da ta biyo, da hantsi.

Sauran ruwan tsamin Baffa Sule ne ya tafi da shi, wai yana yi masa maganin ciwon haƙori. Kwalbar kuwa na wanke ta sau bakwai, tana nan a zaure, tawadar ɗalibai nake zubawa a ciki. Wanda ke son gani ya zo ya gani, ba sai ya fake da gaisuwa ba. Ɗanjuma ma kullum yana ganinta, don ya dawo karatu bayan an yi bakwai, yana zama a sahun gaba, kuma ba ranar da ba ya yi mini tambaya.